Sakamakon PASEC: Kada mu fasa madubi don bai nuna mu da kyau ba

Duk shekara idan sakamakon BEPC ko BAC ya fito, sai mu yi ta murna ko kuka, mu manta cewa waɗannan jarrabawa mu ke shirya su, mu ke gyara su. Abin da ke nuna mana matsayinmu a tsakanin maƙwabta shi ne binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta CONFEMEN ke gudanarwa a ajin CP da CM2.

A 2014 ƙasashe 10 suka shiga, Nijar ta zo ta ƙarshe. A CM2, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yaranmu ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu, haka ma a lissafi. A 2019, cikin ƙasashe 14, alƙaluman sun tashi zuwa kusan kashi 30 a karatu da sama da kashi 20 a lissafi. An samu ci gaba, amma yara 7 cikin 10 suna gama shekara shida a lakol ba su iya fahimtar abin da suka karanta.

Burundi ma ta ba mu darasi. Ita ce ta yi zarra a ƙananan azuzuwa a 2014, inda yara ke fara karatu da harshensu na Kirundi, amma a 2019 ta ja baya a ƙarshen firamare. Wato harshen uwa yana buɗe ƙofa, sai dai in ba a horar da malami ba, ba a ba shi littafi ba, yaro zai tsaya a bakin ƙofar. Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, wannan ya shafe mu kai tsaye.

A 2025 ɗin kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar Francophonie. Ko me za a yi da alaƙar siyasa, kada gwamnati ta bar auna yaranmu da ma'auni ɗaya da na Burkina, Benin da Senegal, kuma a riƙa fitar da sakamakon jiha-jiha, Maradi ta ga nata, Damagaram da Tawa su ga nasu.

Ku kuma 'yan uwa da ke Libiya, Legas ko Abijan kuna aiko da kuɗin makaranta, idan kun kira gida, ku sa ƙaninku ya ɗauko littafinsa ya karanta muku layi uku a waya.