Sharhi: Lamba Ta Tsere, Hadda Ta Zauna



Ku tsaya wajen mai POS a Oshodi da ke Legas ku gani. Ana karanta wa mutum lambar asusu mai alƙaluma 10, yana nanata ta a baki, sai kwandastan danfo ya kwarma ihu, "Agege, Agege!" Kafin ya waiwayo rabin lambar ta tsere. Amma ku ce ya biya surar da ya haddace yana ɗan shekara bakwai a makarantar allo a Katsina, zai kawo ta tsaf. Ƙwaƙwalwar ɗaya ce, to ina bambancin ya fito?

Masana sun ce ajiyar ƙwaƙwalwa iri biyu ce. Akwai ta ɗan lokaci, wadda take kamar tafin hannu, akwai kuma ta dindindin, wadda take kamar rumbu. A 1956 wani masani a Amurka, George Miller, ya ce ta farkon tana riƙe abu kamar bakwai a lokaci guda. A 2001 Nelson Cowan ya ce abin kamar huɗu ne kawai. Wani gwaji na 1959 ya nuna cewa in aka hana mutum nanatawa, haruffa uku kacal kan kuɓuce masa cikin daƙiƙa 18. Shi ya sa lambar wayarmu mai alƙaluma 11 muke yanka ta gida uku: huɗu, uku, huɗu.

Kafin abu ya shiga ajiyar dindindin, sai ya bi ta wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira hifokamfas. A 1953 aka yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe. Ya rayu har 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda suka gaisa da shi ɗazu, in ya fita ya dawo, baƙo ne. A 2000 kuma Eleanor Maguire ta binciki direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace titunan birnin ake ba su lasisi, ta tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. Ashe ƙwaƙwalwa ma da aiki take ƙarfi. Direban da ya san kowane lungu daga Oshodi zuwa Mushin da Idi-Araba ba da wannan sani aka haife shi ba, bi yau bi gobe ne.

Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi maimaici a dunƙule. Masu bincike na baya sun ƙara abu biyu: barci yana kafa abin da aka koya, kuma janyo abu da ka ya fi sake kallonsa a takarda.

To, malaman tsangaya sun daɗe a kan wannan hanya. Almajiri zai rubuta ɗan abin da zai iya ɗauka a allo da tawada, ya yi ta ɗaga murya yana nanatawa. Ba zai wanke allon ba sai ya biya wa malam. In ya wanke ma bai rabu da karatun ba, da asuba ga tilawa, da dare ga tilawa, ana ƙarin sabo ana waiwayar tsoho. Da haka ake haɗa izu sittin, har a samu alaramman da zai zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka.

Saboda haka, iyaye da malamai, yaron da aka koya wa abu da safe ya manta da yamma ba daƙiƙi ba ne. Halittar ƙwaƙwalwa ke nan, kuma bulala ba ta gyara ta. Ku ba shi kaɗan, ku rufe littafi ku tambaye shi yau, ku sake tambaya jibi, ku sake bayan mako. Ɗaliban da ke kwana karatu ranar jajibirin jarrabawar WAEC ko JAMB su sani, karatun da aka hana wa barci ba ya daɗewa.

Mu manya kuma mun miƙa wa waya komai. A garin da waya kan iya salwanta cikin cunkoso, mutum ya rasa lambar ko da mutum ɗaya na gida abin tsoro ne. Ku zaɓi lamba biyu, ta gida da ta wani amintacce a nan Legas, ku haddace su yadda almajiri ke yi, ku koya wa 'ya'yanku.