Ruwan Ramin Ma'adinai da Rafukan Kuje

Haƙar ma'adinai ta bayan fage da ake yi a wasu ƙauyukan Kuje abin a duba ne tun da wuri, domin a daji aka haƙa ramin, amma ruwan da ke fita daga cikinsa gari yake nufa.

Akwai duwatsu masu farar wuta a jikinsu. Muddin suna binne ba su da wata illa. Da zarar an fasa su, iska da ruwan sama suka same su, sai su haifar da asid, watau dangin ruwan batir. Wannan ruwa shi ke narkar da dalma da sauran ƙarafa, ya kwashe su zuwa rafi da rijiya, inda mutane da dabbobi ke sha. A Inugu, tsofaffin ramukan kwal na Onyeama da Okpara sun daɗe suna zubar da irinsa bayan an daina aiki. A Zamfara kuwa, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a shekarar 2010.

Maganin sananne ne. A karkatar da ruwan sama daga tarin ɓaraguzai, a rufe tarin da yumɓu, a tara ruwan rami a tafki a zuba masa farar ƙasa har ƙarafan su kwanta kafin a sake shi.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa gyara wurin da ya ɓata. To, wanda ba shi da lasisi fa, wa zai kama? Wajibi ne Ƙaramar Hukumar Kuje da hukumar NESREA su riƙa auna ruwan ƙauyukan nan kowace damina, su sanar da masu unguwanni sakamakon.