Iskar Kabon a Akwatin Kifi: Saurin Tsirrai, Numfashin Kifi

Duk wanda ya fara sha'awar akwatin gilashi mai kifayen ado da tsirrai masu rai, ba ya daɗewa bai ci karo da wata shawara da ake nanatawa a shaguna da bidiyoyin intanet ba: in ana son tsirrai su yi kyau, sai an saka musu iskar kabon dayoksaid. Hotunan da ke rakiyar shawarar suna ɗaukar ido. Ciyawa ta shimfiɗu a ƙasan ruwa kamar darduma, jajayen ganyaye sun cika bayan dutse, ƙananan ƙwayoyin iska na tashi daga kowane ganye. Shawarar tana da tushe, domin iskar tana aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, saurin da take ba tsirrai daga rabon numfashin kifi ake cire shi. Ga mafi yawan masu akwati, musamman inda zafi ya yi yawa kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ciniki ne da bai kamata a ƙulla ba.

Yunwar kabon a cikin ruwa

Idan aka busar da tsiro aka auna, kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na nauyinsa kabon ne. Daga iskar kabon dayoksaid yake samo shi, ya yi amfani da haske ya mayar da shi sukari, ya saki oksijin. Tsiron tudu ba ya wahala wajen samu, ko da yake iskar kabon ba ta wuce kimanin kashi 420 cikin miliyan na iskar sarari ba. Na cikin ruwa kuwa yana fama da matsala biyu. Ta farko, ruwan da aka bari a buɗe har ya daidaita da iskar ɗaki bai fi kusan rabin miligiram na kabon dayoksaid yake riƙewa a kowace lita ba. Ta biyu, iskar tana ratsa ruwa da nawar da ta ninka ta sarari kusan sau 10,000, saboda haka ganye yakan shanye abin da ke kusa da shi ya zauna jiran wani ya iso.

A rafukan daji da yawa, ruɓaɓɓen ganye da ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa suna cike wannan giɓi. A akwatin gida, numfashin kifi da aikin ƙwayoyin bakteriya sukan ɗaga adadin zuwa 'yan miligiram kaɗan. Masu saka iska kuwa miligiram 20 zuwa 30 suke nema a kowace lita, wato kusan ninki goma.

Akwai wata tsohuwar ƙa'idar noma da Bajamushe Carl Sprengel ya bayyana a 1828, Justus von Liebig kuma ya yaɗa ta daga baya: abin da ya fi ƙaranci cikin bukatun tsiro shi ke yanke iyakar girmansa. Akan kwatanta ta da gangar da aka haɗa da katakai masu tsayi daban-daban, wadda ruwa ba ya wuce bakin mafi gajarta a cikinta. A akwatin kifi katakan uku ne: haske, taki da kabon. Haske shi ke tayar da bukatar sauran biyun. Fitilun zamani sun yi araha, sun kuma yi ƙarfi, sabon shiga yakan ɗora wa akwatinsa hasken da ya fi ƙarfin kabon da ke cikin ruwan. Tsirrai su tsaya cak, gansakuka ta samu fili ta rufe gilashi da ganye.

Hanya biyu ce ke gyara wannan: ko a ƙara kabon ya kamo hasken, ko a rage hasken ya dawo daidai da kabon. Ta farkon tana bukatar tukunyar gas da na'urori, ta biyun kuwa ba ta cin ko sisi. Ba abin mamaki ba ne da ta farkon ta fi samun masu talla.

Abin da ya kamata a yaba

Adalci ne a ambaci abin da iskar ta kawo. Kamfanin Dupla na Jamus yana cikin na farko da suka kai na'urorin saka ta kasuwa, amma wanda ya sauya tunanin duniya shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan da aka haifa a Niigata a 1954. Shi da kansa ya ba da labarin cewa gwajinsa na farko da ruwan soda na kwalba ya yi shi. Ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, littattafansa na Nature Aquarium World suka zagaya duniya a shekarun 1990, gasar tsara akwatin tsirrai da kamfaninsa ya fara a 2001 kuma ta zama mafi shahara a fagen. A 2015, watanni kaɗan kafin rasuwarsa, ya kammala wani akwati mai tsawon mita 40 da ke cin lita 160,000 a babban gidan nunin halittun ruwa na birnin Lisbon.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da ƙarin kabon. Tsirrai masu shimfiɗa kamar Hemianthus callitrichoides na ƙasar Kyuba da Glossostigma elatinoides na Ostareliya da New Zealand sukan sha wahala ko su narke idan babu shi. Wanda burinsa ke nan yana da hujja.

Sai dai hoton gasa hoton rana ɗaya ne. Akan cire bututu da na'urori kafin a ɗauka, an yi wa tsirrai aski a daidai lokacin da za su cika, kifayen kuma 'yan kaɗan ne ƙanana. Mai akwati a falonsa zama zai yi da nasa kwana 365 a shekara, har da ranakun tafiya da na rashin lafiya da na ɗauke wuta.

Kuɗin da kifi ke biya

Mutane da yawa suna zaton kabon dayoksaid na korar oksijin daga ruwa. Ba haka abin yake ba, kowace iska tana narkewa ne ba ruwanta da ɗayar. Illar a jikin kifin take. Kifi yana fitar da kabon na jikinsa ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa, kuma fitar tana sauƙi ne muddin ruwan ya fi jininsa ƙarancin kabon. Idan ruwan ya cika, kabon ya taru a jini, jinin ya ƙara tsami, sinadarin da ke ɗaukar oksijin ya rage riƙo. Masanin Denmark Christian Bohr ne ya bayyana wannan dangantaka a 1904. Ta haka kifi ke iya shaƙewa a ruwan da oksijin ke nan birjik. Alamar farko ita ce ganin kifaye sun taru a saman ruwa suna haki, ƙananan jatan lande kuma suna neman haurewa waje.

Tazarar da ke tsakanin adadin da tsirrai ke so da wanda ke jigata kifi ba ta da faɗi, kuma ma'aunan da ke hannun mai akwati ba su da kaifi. Ƙirga ƙwayoyin iskar da ke wucewa ta bututu yana nuna abin da aka tura ne kawai, bai nuna abin da ya narke ba. 'Yar kwalbar da ake mannawa a cikin akwati, wadda ruwanta ke sauyawa daga shuɗi zuwa kore zuwa rawaya, labarin awa ɗaya ko biyu da suka wuce take bayarwa. Jadawalin da ke haɗa ma'aunin pH da taurin ruwa yakan ruɗe idan itace ko ƙasar cikin akwatin na sakin nasu tsamin.

Da dare kuma lissafi yana juyewa. Tsirrai sun daina shan kabon, sun koma shaƙar oksijin tare da kifi. Shi ya sa ake haɗa tukunyar da makullin lantarki da agogo, a buɗe iskar awa ɗaya ko biyu kafin fitila ta kama, a rufe ta kafin fitila ta mutu. Ita tukunyar ma tana da nata tarko. Iskar a narke take a ciki, ƙarƙashin matsin da ya ninka na sarari kusan sau 60, kuma allurar ma'auni ba ta motsi har sai ruwan iskar ya ƙare. A wannan gaɓa, wasu na'urorin rage matsi masu araha sukan saki ragowar gaba ɗaya cikin akwati.

Inda zafi da wuta ke da ta cewa

Yawancin waɗannan shawarwari an rubuta su ne a Japan da Turai da Amurka, inda ɗaki ke da sanyi kuma wuta ba ta ƙiftawa. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, da wani lissafi yake aiki. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5, alhali zafi yana ƙara wa kifi bukatar numfashi. Rabon da ake son a ciri kuɗin sauri daga cikinsa ya riga ya ragu tun kafin a buɗe tukunya. Bugu da ƙari, da zarar zafin tukunyar ya wuce digiri 31, kabon dayoksaid ba ya zama a narke, matsin cikinta kuma yana hawa da sauri. Ajiye ta a rana ko a bayan mota da tsakar rana ganganci ne.

Tsadar tukunya takan tura mutane ga dabarar gida: a zuba sukari da yis da ruwa a gora, a ja bututu zuwa akwati. Araha take, amma ba ta da makulli. Yis yana ƙara himma idan zafi ya ƙaru, ba ya barci da dare, kuma bai san an ɗauke wuta ba. Idan wuta ta tafi da ƙarfe biyun dare, matacin ruwa ya tsaya, saman ruwan ya kwanta, musayar iska ta ragu, gorar kuwa tana ci gaba da aikinta. Tukunya mai makullin lantarki ta fi aminci a nan, domin tana rufe kanta in wuta ta tafi. Amma ita ma sai ta bar tsirrai da kabon yau akwai gobe babu, kuma gogaggun masu wannan sha'awa sun daɗe suna danganta irin wannan hawa da sauka da baƙar gansakuka mai kama da gemu, wadda ke da wuyar kora.

Akwai kuma kwalaben da ake sayarwa da sunan kabon na ruwa. Da yawansu sinadarin gulutaraldihaid ne ko danginsa, wanda asibitoci ke tsabtace kayan aiki da shi. Kabon da yake bayarwa kaɗan ne, ƙarfinsa a kashe gansakuka yake, yana narkar da tsirrai irin su Vallisneria, yana kuma cutar da ido da fata.

Tsirran da ba sa gaggawa

Akwai wata hanya da ta girmi duk waɗannan na'urori. Ba'amurkiya Diana Walstad ta zayyana kimiyyarta a littafinta Ecology of the Planted Aquarium na 1999: a shimfiɗa ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, a saka matsakaicin haske, a bar ruɓewar ƙasa da ragowar abincin kifi su samar da kabon sannu a hankali. Wasu tsirran, kamar Vallisneria da Ceratophyllum, suna ma iya ciro kabon daga gishirin baikabonet da ke cikin ruwa mai tauri, irin wanda wasu rijiyoyin burtsatse ke bayarwa.

Abin sha'awa, da yawa daga cikin tsirran da duniya ta fi dogara da su a akwati marar tukunya 'yan Afirka ta Yamma ne. Anubias barteri, wanda da wuya a shiga shagon kifin ado a Turai a rasa shi, ya samo sunansa daga Charles Barter, masanin tsirrai da ya bi ayarin Baikie a kogin Neja, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Ƙaramin nau'insa da ake kira nana daga Kamaru yake. Bolbitis heudelotii yana fitowa a duwatsun rafukan yankin. Abin da ake sayarwa da tsada da sunan Nymphaea lotus kuwa, badon tafkuna ne. Bado yana aika ganyensa saman ruwa ya sha kabon kai tsaye daga sarari, haka ma kainuwa, wadda Bahaushe ya yi wa kirari da dashen Allah tun da ya lura ba ta jiran kowa ya kula da ita. Irin waɗannan masu ganye a sama suna zuƙe takin da gansakuka za ta ci, suna kuma rage hasken da ke sauka ƙasa, muddin ana rage su kada su rufe ruwan ruf.

Anubias kan ɗauki makonni kafin ya fitar da sabon ganye guda. Ga mai neman hoton gasa wannan aibi ne. Ga ma'aikacin da ke fita da safe ya dawo da dare kuwa, ma'anarsa ita ce babu askin tsirrai kowane mako, babu auna taki kullum, kuma tafiyar kwana biyar ba za ta zama sanadin mutuwar kifi ba.

Wa ya dace ya saka?

Wanda ya cika sharuɗɗa huɗu: yana son takamaiman tsirran da ba sa rayuwa sai da ita, yana da wuta tsayayya ta sola ko inbata, zai sayi na'urar rage matsi mai mataki biyu tare da makullin lantarki, kuma yana da lokacin aski da sauya kusan rabin ruwan kowane mako. Shi ma sai ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa cikin kwanaki a lokacin da yake gida yana lura da numfashin kifayensa, ya bar saman ruwa yana motsi ko da hakan zai zubar da wani kaso na iskar, ya kuma taƙaita yawan kifin.

Wanda bai cika su ba, babu abin da ya rasa sai sauri. Idan tsirransa sun tsaya ko gansakuka ta taso, ya fara da rage fitila zuwa awa shida ko bakwai a rana, ya zaɓi tsirran da suka dace da ruwansa da zafin garinsa, ya ba su wata biyu. Tsiron da ya narke ana iya sake dasa wani. Kifin da ya shaƙe da dare, a akwatin da ba shi da hanyar fita daga cikinsa, amanar mai akwatin ce tun ranar da ya sako shi a leda daga shago.