Zauren Malam: Kyamarar Ɗaukar Giwa Daga Nesa

A wannan wata za mu amsa tambayar da malamai 'yan'uwanmu suka sha yi mana, wato wace irin kyamara ya kamata makaranta ta saya idan za ta kai yara kallon namun daji.

Bara da rani mun kai ɗalibanmu gandun dajin Mole, kusa da Larabanga a arewacin Gana. Iyaye ne suka yi karo-karo muka sayi kyamara a wani kanti, mai kantin yana ta yi mana kirarin yawan megafiksel ɗinta. Da muka dawo muka duba hotunan, giwar nan ba ta fi ƙuda girma ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, wani yaro da ya ga hoton bai fito ba sai ya zame ya nufi giwar da wayarsa, sai da mai gadin daji ya daka masa tsawa. Allah ne ya kiyaye.

Darasin da muka koya shi ne, a hoton namun daji gilashin gaba ya fi kyamarar kanta muhimmanci, domin shi ne ke jawo dabba kusa alhali mutum yana tsaye inda aka ce ya tsaya. Ana auna tsawonsa da milimita. Wanda ake haɗowa da kyamara galibi 18 zuwa 55 ne, ya yi daidai da hoton biki da na suna, amma bai isa daji ba. Don giwa da barewa a nemi mai kaiwa 250 ko 300. Tsuntsaye kuwa suna son 400 zuwa sama.

Ga wani sauƙi. Ƙananan kyamarorin Canon da Nikon masu ƙaramin faranti a ciki, waɗanda ake kira APS-C, suna ƙara wa gilashi nisa. A Nikon gilashin 300 yakan yi aikin 450, a Canon kuma 480. Tun da kamfanonin suka karkata ga sabon samfuri marar madubi, tsofaffin sun yi sauƙi a kasuwar na hannu. Saboda haka shawararmu ita ce a sayi kyamara ta hannu mai lafiya, a zuba ragowar kuɗin a gilashi. A tabbata yana da abin hana rawar hannu, Canon na rubuta IS, Nikon kuma VR. Kafin a biya a ɗaga shi a haske a leƙa, in an ga wani abu kamar yanar gizo a ciki, fumfuna ce, a bar shi. Araha ba ta ado.

Wanda ba ya son canje-canjen gilashi yana iya neman irin su Nikon P900 da ta fito a 2015, mai jawo abu har sau 83. Aibinta shi ne hotonta kan yi dushi-dushi da asuba ko da almuru, lokacin da dabbobi suka fi fitowa.

A daji kuma, a sa saurin ɗauka ya kai 1/500 na daƙiƙa, in dabbar tana gudu 1/1000. Kada a cire gilashi a fili lokacin hazo, ƙura za ta shiga ta ɓata kowane hoto. A tafi da batir biyu da katin ajiya biyu.

Daga ƙarshe muna roƙon malamai, kowane irin gilashi aka riƙe, a bi umarnin mai gadi. Iyaye amana suka ba mu, kuma babu hoton da ya kai ran yaro ɗaya.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.