Tukwici, Toshiya da Tsabar Kuɗi a Kan Iyakar Jibiya

Tukwici, a al'adar Hausawa, shi ne ɗan abin da ake bai wa wanda ya kawo saƙon alheri ko ya yi wata hidima, bayan ya kammala, ba tare da an yi ciniki a kansa ba kuma ba tare da shi ya nema ba. Idan maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon abinci, akan sanya wa yaron ɗan kuɗi a hannu sa'ad da ake mayar da kwanon, haka nan wanda ya riga kowa kai labarin haihuwa yakan karɓi goron albishir. Tukwici ya bambanta da ladan aiki, wanda shi ne abin da aka yi yarjejeniya a kansa tun kafin a fara. Ya bambanta da la'ada, wadda ita ce kason dillali a cikin ciniki. Ya bambanta da gyara, wato ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye. Ya kuma bambanta da sadaka, wadda ake bayarwa domin Allah ko da ba a yi wa mai bayarwa komai ba. Yawan waɗannan kalmomi shaida ce cewa al'umma ta daɗe da tantance kowace kyauta da muhallinta, sai dai akwai abu guda da mafi yawansu suka dogara da shi, wanda a yau yake neman kuɓucewa daga aljihun mutane, shi ne tsabar kuɗi, wato kuɗin da ake iya damƙa wa mutum hannu da hannu.

Babu inda wannan lamari ya fi bayyana kamar garuruwan kan iyaka. Kusa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya a Jihar Katsina, tana cikin yankin da hanyar Katsina ke ratsawa ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, yankin da harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya ce, amma kuɗi iri biyu ne, naira da sefa. A kan wannan hanya akwai ɗimbin mutane da abincinsu ya rataya a kan ƙananan kuɗin da ke fita daga hannun matafiya: ɗan dako da ke sauke buhunan gero da wake, mai baro, yaron mota da ke ɗaure kaya, ɗan kamasho da ke nema wa fasinja kujera, mai ga-ruwa, yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli, da tsohon da ke tsaron takalma a ƙofar masallaci. Mafi yawan waɗannan ba su da albashi, da yawansu ba su da asusun banki, kuma abin da ake ƙara musu a kan ladan aikinsu shi ne sau da yawa ke zama kuɗin cefanen wannan yini.

Kuɗin ƙasar Hausa ya sha sauya kama ba tare da tukwici ya mutu ba. Kalmar kuɗi kanta asalinta jam'in wuri ce, wato ƙwanson teku da aka yi ƙarnoni ana ciniki da shi, kuma Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da aka sani da Abdulkarim, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana ƙirga wuri dubbai kafin a kai darajar dala ɗaya ta azurfa. Wuri ya ba da wuri ga sule da fam na Turawan Ingila a kudancin iyaka, da faran na Faransa a arewacinta, sa'an nan naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu, 1973. Har yau sawun wannan tarihi na nan a bakin mutane, domin ɗan Maraɗi yana kiran faran biyar dala, yana kiran faran dubu jaka, yayin da a Katsina jaka ta kasance naira ɗari biyu. Duk waɗannan kuɗaɗe sun yi tarayya a siffa guda, ita ce ana iya gutsurar kaɗan daga cikinsu a miƙa wa kowa, mai karatu da marar karatu, babba da yaro, nan take, ba tare da wani ya shiga tsakani ba. Kuɗin waya shi ne na farko da ya zo da sharaɗin cewa sai mai karɓa yana da asusu, da waya, da caji, da sabis.

Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya kuma ƙaddamar da eNaira, wato nairar da ke cikin waya, a watan Oktoba na 2021, amma talaka bai ji tsarin a jikinsa ba sai bayan da gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoba, 2022. An sanya 31 ga Janairu, 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin takardu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, kuma sababbin ba su wadata ba, har aka wayi gari ana sayen naira da naira a wurin masu POS, wato wakilan da ke cire wa mutum kuɗi daga asusunsa da ƙaramar na'ura su ɗauki ladansu. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da yawo sannan aka fara samun sa'ida. Mutanen Jibiya kuwa sun riga sun ɗanɗani ɗaya ɓangaren matsalar, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, har da tasu, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga, lamarin da ya nuna cewa kuɗin da ke cikin waya na iya zama kamar hatsin da ke cikin rumbun da makullinsa ya ɓata. A kan wannan aka ƙara rufe iyaka daga Agusta 2019, wanda ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, da kuma rufewa ta biyu bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wadda ta kai har Maris 2024.

Adalci ne a faɗi cewa tiransifa, wato tura kuɗi daga asusu zuwa asusu ta waya, ta kawo alheri mai yawa a yankin da fatake suka daɗe suna fargabar tare hanya. Falken da a da yake ɗaure kuɗin shanu a ƙugu yanzu yana iya tafiya da waya kawai, kuma kamfanoni irin su OPay da Moniepoint a Nijeriya, da Nita da Amana a Nijar, sun sauƙaƙa aika kuɗi ga dangi. Illar tana can ƙasa, inda ciniki ya yi ƙanƙanta da a tsaya a tura shi. Ɗan dako ya sauke buhu shida daga kan mota, gumi ya jiƙe ƙyallen da ya naɗa a ka a matsayin gammo, ya tsaya gefe yana sauke numfashi. Mai kaya ya laluba aljihun riga da na wando bai sami ko naira hamsin ba, ya ɗaga waya ya tambayi lambar asusu, ɗan dako ya ce ba shi da shi. A ƙarshe a tura ladan zuwa asusun mai shayi, a jira saƙon shigar kuɗi, a cire ladan cirewa, tukwici kuwa ya tsaya a kan "Allah Ya kai mu wani jiƙon". Babu wanda ya yi niyyar zalunci a cikin wannan, amma an tauye mutum, kuma idan aka maimaita haka sau ɗari a yini ɗaya a tasha ɗaya, za a ga girman abin da ƙananan ma'aikata suka rasa ba tare da an rubuta asararsu a ko'ina ba.

Batun tukwici ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ya kuma kai har cikin jiragen sama. A Amurka, inda mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta amince a biya ma'aikacin da ke samun tukwici ya tsaya a dala 2.13 a awa tun 1991, tukwici ya zama wajibi a gidajen abinci, ana kuma ƙara shi a kan kati. A Japan kuwa ba a san shi a matsayin al'ada ba. Duk da wannan bambanci, akasarin kamfanonin jiragen sama na duniya ba sa ƙarfafa a bai wa ma'aikatan cikin jirgi kuɗi, kuma dalilin ya cancanci a yi nazarinsa. Ma'aikaciyar da ke raba abinci ita ce kuma ke da alhakin tsaron rayuka, ita ke umartar fasinja ya ɗaura bel, ita ke buɗe ƙofar gaggawa idan hatsari ya auku, don haka bai dace a bar wata kafa da za ta sa a fifita mai kuɗi a kan marar shi ba. Maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina zai fi kyautatawa idan ya yi wa ma'aikatan jirgi godiya da addu'a da bin umarni, ya ajiye tukwicinsa domin mai tura masa kaya da mai sharar masauki. Ƙa'idar da ke fitowa daga nan ita ce, duk wanda ke riƙe da iko a kan tafiyar mutum ko lafiyarsa ko haƙƙinsa, kuɗi ba shi da muhalli a tsakaninsu.

Da wannan ƙa'ida ake rarrabe tukwici da toshiya, wato abin da ake bai wa mai iko domin ya kau da kai ko ya gaggauta abin da dama aikinsa ne. A kan hanyoyin iyaka an saba lulluɓe toshiya da sunaye masu daɗi, a ce "na goro" ko "na ruwa", amma sauya suna ba ya sauya hukunci. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso yana cewa kyauta aka yi masa, aka kuma tsawatar masa da hujjar cewa da yana zaune a gidan iyayensa da kyautar ba ta same shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin al'adun da ya soka. Ma'auni uku sun isa mai hankali: tukwici yana zuwa ne bayan aiki, toshiya tana gabatarsa, tukwici yana gangarowa ne zuwa ga wanda ba shi da iko a kan mai bayarwa, toshiya tana hawa zuwa ga mai riƙe da shinge, wanda ya hana tukwici ba abin da zai same shi face ƙarancin yabo, wanda ya hana toshiya kuwa yana iya kwana a kan hanya. Abin takaici shi ne ƙarancin tsabar kuɗi ya fi cutar da na farko, domin mai iko ba ya rasa hanyar karɓa, marar ƙarfi ne kawai ke rasa bakin tambaya.

Saboda haka riƙe tsabar kuɗi a wannan zamani ya zama wani ɓangare na ladabin tafiya, kuma yana da tsari. Manyan kuɗi, na ciniki ko na sayen dabbobi, sun fi aminci a cikin asusu, musamman a hanyar da ba ta gama samun kwanciyar hankali ba, kuma dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai ƙetare iyaka da abin da ya haura darajar dalar Amurka 10,000 ya bayyana wa jami'an kwastan. Ƙananan kuɗi kuwa, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyu, tare da 'yan sulallan sefa ga mai tsallakawa Maraɗi, ya kamata a tanade su tun daga gida kamar yadda ake tanadar guzuri, a ware su a aljihu na daban domin kada a fito da damin kuɗi a idon jama'a. A yi cinikin lada kafin a ɗora wa mutum kaya, a biya shi da zarar ya sauke, kamar yadda hadisi ya kwaɗaitar a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, sa'an nan a ƙara abin da ya sawwaƙa. A naɗe kuɗin, a miƙa da hannun dama, a haɗa da "sannu da aiki", kada a jefa, kada a ɗauki hoto, kada a bi da gori, domin Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Idan kuma dole ta sa a tura ta waya, mai turawa ya ɗauki nauyin ladan cirewa, domin bai dace ɗan dako ya biya kuɗin rashin shirin wanda ya yi wa aiki ba. Mai karɓa shi ma yana da nasa ladabin: kada ya mai da tukwici haraji, kada ya raina abin da aka ba shi, kada ya wulaƙanta kayan wanda bai ba shi ba.

Hukumomi suna da nasu kason. Tun 2005 takardar naira 1,000 ce mafi girma, hauhawar farashi kuma ta cinye darajar sulalla da 'yan biyar da 'yan goma, har canji ya zama abin nema a kasuwa. Wajibi ne Babban Banki ya wadata ƙauyuka da ƙananan takardu masu tsabta, a kuma ƙarfafa sabis a garuruwan iyaka kafin a matsa wa mutanensu su bar abin da suka iya. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako za su iya taimaka wa mambobinsu su buɗe asusu da sunansu, malamai kuma su yi bayanin bambancin tukwici da toshiya a kan mumbari da irin kalmomin da ake ji a tasha.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 kuma aka tsara zai bi ta Jibiya, na iya zuwa da tikitin waya da tashoshi na zamani, amma buhun da zai shiga taragu a kan wuyan mutum zai hau. Matafiyin da ya duba cajin wayarsa kafin ya fito daga gida, ya dace ya duba aljihunsa ma, domin a Kusa ko a Magama akwai wanda zai ɗauke masa kaya, kuma tuwon daren gidan wannan mutum na iya kasancewa a cikin naira ɗari biyun da aka tuna aka naɗe dominsa.