Sharhi: Gurbin magina a tarukan bita da baje kolin ɗaliban zanen gini

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS. Manhajar ta ware ilimin zanen gine-gine a matsayin fanni mai cin gashin kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa domin ta tsara su gwargwadon buƙatun yankinta. Wannan kaso na iya ɗaukar tarukan bita da laccocin baƙin masana da baje kolin ayyukan ɗalibai, kuma irin abin da aka zuba a cikinsa zai yi tasiri a kan gidajen da 'yan Najeriya za su kwana a ciki shekaru masu zuwa.

Irin waɗannan taruka suna nan. Ƙungiyar Masu Zanen Gine-gine ta Najeriya, NIA, wadda aka kafa a 1960, tana shirya baje kolin Archibuilt a Abuja, yayin da Legas ke karɓar baƙuncin Design Week Lagos tun 2019. Sai dai halartarsu na buƙatar kuɗin mota da masauki, abin da ya fi ƙarfin ɗalibai da dama a Maiduguri ko Yola ko Birnin Kebbi. Galibin abin da ake nunawa kuma siminti ne da gilashi da ƙarfe, alhali a farkon 2024 farashin buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu sassan ƙasar, har sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanonin da ke sarrafa shi. Ɗalibin da bai iya zana komai ba sai ginin bulo da rufin kwano zai fito ya tarar da magidantan da ba su iya biyan abin da ya zana, da ɗakunan da ke turara masu su a watan Afrilu idan babu wutar lantarki.

A ƙasashen waje kuwa, hankalin masana ya karkata zuwa ga kayan ginin da Afirka ta daɗe da sani. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe kyautar Pritzker, kuma sunansa ya fara fita ne da makarantar firamare ta tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu na Gando. A 2023 baje kolin zanen gine-gine na birnin Venice a Italiya, ƙarƙashin jagorancin Lesley Lokko, ya karrama Demas Nwoko da babbar lambar yabo kan ayyukan da ya yi tsawon rayuwarsa. Nwoko ya yi karatun zane a Zariya, kuma gine-ginensa na Ibadan sun dogara ne da jar ƙasa da iskar da ke ratsa ɗaki. A Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun yi aiki da maginan gida wajen gina sabon masallacin Dandaji da matsattsen tubalin ƙasa, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu.

Ilimin da ake yabawa a can yana nan kusa da azuzuwan ƙasar nan. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na zanen gini ya fi na kowace jami'ar Najeriya daɗewa, tana gari ɗaya da Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A Jos akwai gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin wannan masallaci da wani ɓangare na ganuwar Kano, bisa aikin awo da zane na masanin nan ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski. Har yanzu kuma ana samun dattawan magina a Kano da Zariya da Katsina da suka san yadda ake jera azara a ɗaga bakan gizo, da yadda ake haɗa makuba domin kare bango daga ruwan sama. Wannan sani a hannu yake, ba ya cikin littafi, kuma 'ya'yan magina da yawa sun koma aikin bulo.

Ginin ƙasa yana da nasa rauni. Yana son yaɓe a kai a kai, yana tsoron ambaliya, kuma mutane da yawa na kallonsa a matsayin alamar talauci. Wannan ne ya sa taron bita ya fi lacca amfani a nan. Ɗalibin da ya kwaɓa ƙasa ya buga tubali, ya kai shi ɗakin gwaji ya auna ƙarfinsa, ya kwatanta zafin soro da na ɗakin kwano da tsakar rana, zai san inda dabarar gargajiya ta isa da inda take buƙatar tushe na kankare ko ɗan siminti. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinan matse tubalin ƙasa, kuma haɗa su da ƙwarewar magina abu ne da sassan jami'o'i za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Matakan da ake buƙata a bayyane suke. Jami'o'i su sanya bitar aikin hannu cikin darussan da ake ba wa maki, su gayyaci magina a matsayin malamai masu karɓar haƙƙinsu. NIA da hukumar rajistar masu zanen gini, ARCON, su riƙa zagayawa da baje koli zuwa shiyyoyi shida na ƙasar. Baje kolin ƙarshen shekara kuma a buɗe shi ga magidanta da 'yan kwangila da jami'an tsara birane, domin su ne za su tambayi ɗalibi nawa gidan zai ci da kuma yadda zai kasance a lokacin bazara.