Biram da masu cewa kiɗa gado ne

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a zaurukan ƙungiyoyin al'adu, daga Damagaram har Tawa: wai kiɗan gargajiya gado ne, ɗan makaɗi ne kaɗai makaɗi, wanda ya shigo daga waje kuwa kwaikwayo yake yi. Masu faɗinta suna ganin asali suke karewa. Alhali da an bi ta tasu, da biram ya bi gwaninsa kushewa.

Malam Maman Barka ɗan Tubawa ne, haifaffen Tasker a jihar Damagaram, ƙasar raƙuma da rairayi. Malamin lakwal ne kafin ya yi suna da gurumi da waƙoƙin Hausa. Biram kuwa kayan kiɗan Buduma ne, masunta da makiyayan tsibiran tafkin Cadi: icce ne da aka sassaƙa kamar kwalekwale, mai tsirkiya 5. A 2002 Barka ya sami tallafin UNESCO, ya tafi yankin tafkin wajen Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe, ya durƙusa gabansa kamar almajiri, ko da yake a lokacin sunansa ya riga ya kai har Najeriya. A ma'aunin masu gado ba shi da hurumi: ba Buduma ba ne, bai gaji biram ba. Amma dai shi ne ya je.

Abin da suka kasa ganewa shi ne, gado makaranta ce. Ɗan makaɗi yana iyawa ne domin ya tashi inda ake ɗaurin ganga, ya yi shekaru cikin ƴan amshi, ya sha faɗa a kan kowane kuskure kafin a bar shi ya ja waƙa. Jini bai taɓa saita tsirkiya ba. Ran da ɗan ya tafi Yamai yin kabu-kabu saboda sana'ar ubansa ba ta cika rumbu, makarantar ta rufe ke nan, kome tsarkin asalinsa. A ƙasar biram abin ya fi haka muni: bayan harin Boko Haram a tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015, an kwashe mazauna tsibirai zuwa tudu. Mutumin da ya bar gidansa da tabarma a ka, wane gado ake jira ya riƙe shi kaɗai?

Gaskiya ne tsoronsu yana da tushe. Waƙar da aka ciro daga bakin ruwa aka kai dandali tana raguwa: harshen Buduma yana zama sauti kawai ga mai sauraro, abin da ake rerawa ba gaggawa a datse shi ya dace da faifai. Sai dai maganin wannan shi ne koyo mai tsawo a gaban gwani, shi kuwa koyo hatsi yake ci, na malami da na ɗalibi.

A nan ne laifi ya koma kan wasu mutanen daban, masu shirya bukukuwa. A wajensu makaɗi kayan ado ne: a kira shi ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, ya yi wasa kafin jawabai, a miƙa masa ambulan, a bayan idonsa a ce maroƙi. Barka bai ɗauki sana'arsa haka ba. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989. A 2008 ya kai biram bikin WOMAD a Ingila tare da makaɗinsa Umaru Adamu, a 2009 faifansu ya fito. Can an zauna shiru an saurare shi kamar yadda ake sauraren gwanayen kora na Mali. Ba yabon Turawa ne hujja ba. Hujjar ita ce sai da kuɗin waje suka zo kafin tsoho ɗaya ya sami ɗalibi ɗaya.

Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Gwanayen goge, algaita da gurumi suna nan a Mirya, Tasawa da Birnin Konni, yawancinsu ba su da takardar shaidar da ake shiga aikin gwamnati da ita, don haka ba mai kiransu malamai. Ƙungiyoyin al'adu ba sa buƙatar izinin minista kafin su gyara wannan. Kowace tana iya zaɓen gwani guda, ta yanka masa albashin wata, ta haɗa shi da matasa biyu ko uku, ɗan kowa ne, ta roƙi wani malamin lakwal ya rubuta kalmomin waƙoƙin da yadda ake ɗaurin kayan, ta kuma cire kuɗin daga kasafin liyafar shekara.